Ɗan Sarautar da Ya Ajiye Aiki a Ingila: Me Talakawa Ke Yafewa?

A watan Maris na 1864 wani shaƙiyyi ya liƙa takarda a jikin shingen ƙarfen fadar Buckingham da ke Landan, yana sanar da cewa gidan nan na haya ne ko na sayarwa, domin mai shi ta ja baya da harka. Mai gidan kuwa ba kowa ba ce illa Sarauniya Victoria. Tun da mijinta Yarima Albert ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1861, ta shiga takabar da ba ta sa wa ranar fita ba. Ta lulluɓe da baƙaƙen kaya, ta ƙaurace wa babban birni, tana zama tsakanin Windsor da Osborne da Balmoral can ƙasar Scotland. Ba wai ta yi watsi da mulki ba ne. Akwatunan takardun gwamnati suna isa gare ta, tana karantawa, tana sa hannu, har ma tana addabar ministoci da wasiƙu. Ganinta ne kawai ba a yi. Sai a 1866 ta yarda ta halarci buɗe majalisa, shi ma ba da bakinta aka karanta jawabin ba. Da fari an tausaya mata, amma tausayi yana da iyaka. Zuwa 1871 ƙungiyoyin masu neman a soke sarauta sun bazu a biranen ƙasar, an buga wata 'yar ƙasida mai tambayar abin da take yi da fam 385,000 da ake ba ta duk shekara, ɗan majalisa Sir Charles Dilke kuma ya tashi a Newcastle ya yi wa gidan sarauta lissafin kuɗi a bainar jama'a. Abin da ya kashe wutar bai taka kara ya karya ba. Ɗanta mai jiran gado ya kamu da zazzaɓin taifot a ƙarshen shekarar, ya kai bakin kabari ya dawo, sai ranar 27 ga Fabrairu, 1872 Sarauniya ta fito cikin buɗaɗɗen keken doki zuwa cocin St Paul don addu'ar godiya. Jama'a suka yi dafifi a tituna, maganar jamhuriya kuma ta bi ruwa.

Ana yawan cewa mutanen Birtaniya ba sa yafe wa ɗan sarautar da ya ajiye aiki. Tarihin shekaru 160 da suka wuce bai goyi bayan wannan magana ba. Sun yafe wa waɗansu nan take, sun ma yi musu rakiya da tafi. Wanda suke riƙewa a zuci shi ne wanda ya sauke kaya amma ya ƙi sakin lada, wato ya bar wahalar ya tafi da kuɗin, ko laƙabin, ko sirrin gida ya mayar da shi haja. Hukuncin nasu kuma ba a ranar fita ake yanke shi ba. Yakan biyo baya ne, bayan sun ga abin da mutum ya yi da kansa a waje.

Dalilin yana cikin yadda sarautar ta canza. Sarauniya Anne ce ta ƙarshe da ta ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar, a 1708. A 1760 Sarki George na Uku ya miƙa wa gwamnati kuɗin shigar filayen sarauta, ita kuma ta yanka masa abin kashewa na shekara-shekara. William na Huɗu ne sarki na ƙarshe da ya sallami firaminista don ra'ayin kansa, a 1834. Tun da iko ya koma majalisa, kuma abincin fada ya koma fitowa daga baitulmali, tambayar da ta rage ita ce: me ake biya? Amsar da Victoria ta koya da ƙyar ita ce ana biyan fitowa a gan ka. Jikanta George na Biyar ya fi kowa gane wannan. Ya ga gadajen sarautar Rasha da Jamus da Ostiriya sun rushe a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sauya sunan gidansu zuwa Windsor a 1917 don ya kakkaɓe warin Jamusanci, ya dinga zagaya asibitoci da masana'antu da sansanonin soja, a 1932 kuma ya fara yi wa daula jawabin Kirsimeti ta rediyo. Daga nan aikin ɗan sarauta ya zama abin ƙirgawa: yanke ƙyallen buɗe gada, gaisawa da marasa lafiya, saka lambar yabo, tsayuwa cikin sanyi a ranar tunawa da mazan jiya. Fada na wallafa jerin waɗannan fitowa a kai a kai, jaridu kuma kan tattara a ƙarshen shekara su ce wane ya fi wane. Wanda bai fahimci cewa akwai wannan littafin bashi tsakanin talaka da fada ba, ba zai gane fushin Baturen Ingila ba, ba kuma zai gane sassaucinsa ba.

Babu wanda ya cika wannan littafi da farko kamar Edward, ɗan George na Biyar. Yana Yariman Wales ya karaɗe daular Birtaniya, har ya zo Kano a 1925 zamanin Sarki Usman, sarakunan Arewa suka taru da dawakansu aka yi masa hawan daba. Ya hau gado ranar 20 ga Janairu, 1936, yana da farin jinin da mahaifinsa bai taɓa samu ba. A watan Nuwamba na shekarar ya je kudancin Wales, inda rashin aiki ya yi wa masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙarfe katutu, ya tsaya a kangon masana'antar Dowlais ya ce lalle a yi wani abu a kan halin mutanen nan. Talakawa sun riƙe wannan kalma, 'yan siyasa kuma ba su ji daɗinta ba. A lokacin nan jaridun Amurka sun daɗe suna yayata soyayyarsa da Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da ta rabu da miji ɗaya kuma take kan hanyar rabuwa da na biyu, amma jaridun Ingila sun haɗa baki sun yi gum, har ana yanke shafukan mujallun waje da almakashi kafin a kai su wurin masu sayarwa. Sai farkon Disamba, bayan Bishop Blunt na Bradford ya yi wani hannunka-mai-sanda a jawabinsa, magana ta fashe. Sarki shi ne shugaban Cocin Ingila, cocin kuwa a wancan zamani ba ta ɗaura wa wanda tsohon abokin aurensa ke raye aure. Firaminista Stanley Baldwin ya ce ƙasa ba za ta karɓi matar a matsayin sarauniya ba. Edward ya nemi a bar shi ya aure ta ba tare da ta ɗauki sarauta ba, majalisar ministoci da gwamnatocin Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu suka ƙi. Ranar 10 ga Disamba ya sa hannu a takardar murabus a gidansa na Fort Belvedere, a gaban 'yan'uwansa uku. Washegari da dare ya yi wa ƙasa ban kwana ta rediyo, ya shiga jirgin ruwan yaƙi a Portsmouth ya bar ƙasar.

Me talakawa suka ce? An daɗe ana koyar da cewa ƙasa baki ɗaya ta bi Baldwin, amma wasiƙun da suka yi ta kwarara fada a kwanakin nan, waɗanda masaniyar tarihi Susan Williams ta yi nazari a littafinta na 2003, sun nuna ɗimbin masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffin sojoji suna roƙonsa ya zauna, ya auri wadda yake so. Mutane sun taru a ƙofar fada suna kiran sunansa. Da Akbishop Cosmo Lang na Canterbury ya hau rediyo kwana biyu bayan tafiyarsa ya caccake shi, shi ne aka yi wa ca, don mutane sun ga dukan wanda ya riga ya faɗi ne. Ke nan ranar da Edward ya fita, bai fita da baƙin jini ba. Abin da ya biyo baya ne ya cinye shi. Ya yi ta jayayya da ƙanensa George na Shida a kan kuɗi, har aka yanka masa fam 25,000 a shekara, alhali ya ɓoye yawan dukiyar da ya tara. Ya shafe sauran rayuwarsa yana ƙorafin an hana matarsa laƙabin girmamawar da ake sa wa 'yan gidan sarauta na jiki. A watan Oktoba na 1937 ya kai ziyara Jamus kamar mai riƙe da muƙami, ya gana da Hitler a gidansa na kan duwatsun Berchtesgaden. Da yaƙi ya ɓarke aka tura shi gwamnan tsibiran Bahamas daga 1940 zuwa 1945, a daidai lokacin da ƙanen nan nasa mai in'ina, wanda bai taɓa neman sarauta ba, ya ƙi barin ƙasa, bom ya faɗa fadar Buckingham yana ciki. A 1951 Edward ya sayar da labarin rayuwarsa a littafi. A 1952 George na Shida ya rasu yana da shekara 56, mutane da yawa kuma suka ɗora wani kaso na gajeren kwanansa a kan nauyin da wansa ya jefa masa. Mizanin da aka auna Edward da shi ƙanensa ne, ba Wallis ba.

Waɗanda suka fita salin-alin ba su da yawa a littattafai, don zaman lafiya ba ya sayar da jarida. Gimbiya Patricia, jikar Victoria, ta ajiye laƙabin gimbiya da kanta a 1919 don ta auri hafsan sojan ruwa Alexander Ramsay, jama'a kuma suka cika tituna suna murna. Katharine, matar Duke na Kent, wadda duniya ta sani da rungumar Jana Novotna tana kuka bayan ta sha kashi a wasan ƙarshe na Wimbledon a 1993, ta janye daga aikin fada, ta daina amfani da laƙabinta a 2002, ta shafe shekara 13 tana koyar da kiɗa a wata makarantar firamare a Hull, yara na kiranta Misis Kent. Ba ta tara 'yan jarida ba, ba ta tona asirin kowa ba, da ta rasu a watan Satumba na 2025 kuwa yabo kawai aka ji. Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ya yi ritaya a 2017 yana da shekara 96, bayan fitowa 22,219 shi kaɗai, ba wanda ya ce uffan.

Da wannan ido ya kamata a kalli batun Yarima Harry da matarsa Meghan. Sanarwar da suka fitar a Instagram ranar 8 ga Janairu, 2020 ba ta ce sun bar gida ba. Cewa ta yi za su ja baya daga sahun manya, su nemi na kansu, su raba zama tsakanin Birtaniya da Arewacin Amurka, su kuma ci gaba da yi wa Sarauniya Elizabeth hidima. Taura biyu ke nan a baki ɗaya, abin da aka hana Edward a 1936. Bayan zaman Sandringham na ranar 13 ga wata, fada ta ba da amsa: ko ciki ko waje. Suka daina amfani da laƙabin girmamawa, aka yanke kuɗin gwamnati, suka mayar da fam miliyan 2.4 da aka kashe wajen gyara musu gidan Frogmore, a 2021 kuma aka karɓe muƙaman soja na girmamawa daga hannun Harry, mutumin da ya yi shekara 10 a soja ya je Afghanistan sau biyu. Ƙuri'ar jin ra'ayin da kamfanin YouGov ya yi a makon sanarwar ta nuna masu goyon bayan tafiyarsu sun fi masu adawa yawa, amma mafi rinjaye sun ce to a daina ba su kuɗi. Wannan shi ne tsohon lissafin nan, bai sauya ba. Farin jininsu ya fara zubewa sosai ne bayan hirarsu da Oprah Winfrey a watan Maris na 2021, lokacin da Yarima Philip ke kwance a asibiti, sannan shirin Netflix na ƙarshen 2022, sannan littafin Spare a Janairun 2023, inda ya fito da faɗansa da wansa William da maganganun cikin ɗaki. Bayan littafin ne ƙimarsa a ƙuri'un ta yi faɗuwar da ba ta taɓa yi ba.

Akwai masu cewa duk wannan ba ra'ayin jama'a ba ne, ra'ayin masu jaridu ne da aka ɗura wa jama'a. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Shirun 1936 ya nuna 'yan tsirarun attajirai na iya hana ƙasa guda sanin abin da ke faruwa a fadarta. Harry kuma ba mafarki yake yi ba da yake kuka da 'yan jarida: a Disamban 2023 kotu ta tabbatar kamfanin jaridar Mirror ya yi masa kutse a waya, ta ba shi diyyar fam 140,600, a Janairun 2025 kuma masu jaridar The Sun suka ba shi haƙuri a fili suka biya. Wasu kanun labarai a kan Meghan, wadda mahaifiyarta baƙar fata ce, duk mai adalci ya san akwai ƙyamar launi a cikinsu. Haka kuma jama'ar ba dunƙule take ba, domin ƙuri'un sun sha nuna matasa sun fi tausaya wa ma'auratan, dattawa sun fi jin zafinsu. Amma jarida tana iya hura wuta ne a inda akwai garwashi. Jaridun Beaverbrook da Rothermere, masu miliyoyin masu karatu, sun tsaya wa Edward, Winston Churchill ya tsaya masa har aka yi masa ihu a majalisa, duk ba su iya riƙe shi a gado ba. Jaridun da suke yi wa Harry tsiya a 2019 ba su hana jama'a cewa a bar shi ya tafi a 2020 ba. Abin da ya juya su daga baya kalamansa ne da ya faɗa da bakinsa, aka biya shi.

Ƙalubale mafi wuya ga wannan ra'ayi shi ne Diana, mahaifiyar Harry. Ta sanar da janyewa daga yawancin ayyukan jama'a a Disamban 1993. Ta ba Andrew Morton sirrin aurenta a ɓoye ya buga a 1992, ta zauna gaban kyamarar BBC a 1995 ta fallasa mijinta Charles. Aka raba auren a 1996, ta rasa laƙabin girmamawa, ta fita da miliyoyin fam. Bisa ƙa'idar da ta kama Edward da Harry, ya kamata a tsane ta, amma da ta rasu a hatsarin mota a Paris ranar 31 ga Agusta, 1997, fushin jama'a a kan Sarauniya ya sauka, don ta zauna a Balmoral kuma ba a sa tuta a rabin sanda a fada ba. Bayanin, a ganina, abu biyu ne. Mutane sun ɗauke ta wadda aka tura waje, ba wadda ta fita don ganin dama ba, kuma a ko'ina matar da aka yi wa kishiya a ɓoye tana da masu tausaya mata. Na biyu, ta bar fada amma ba ta bar aikin ba. Wadda ta kama hannun mai cutar ƙanjamau ba safar hannu a 1987, ita ce ta sa rigar sulke ta taka filin nakiyoyi a Huambo ta Angola a Janairun 1997, babu laƙabi. Ana ganinta, kuma ganin yana amfanar wani. Gaskiya ne mutuwar ƙuruciya ta rufe littafinta kafin a gama lissafi, domin a watanninta na ƙarshe jaridu sun fara yi mata ba'a a kan yawon shaƙatawa a tekun Bahar Rum. Wannan rauni ne a hujjar, kuma babu hanyar toshe shi.

Yarima Andrew ba ya cikin wannan sahu, duk da ana yawan haɗa su. Shi ba ajiye aiki ya yi ba, aiki ne ya ajiye shi, kwana huɗu bayan hirar da ya yi da BBC a Nuwamban 2019 a kan abotarsa da Jeffrey Epstein, Ba'amurken da aka samu da laifin lalata. Ya musanta zargin lalata da Virginia Giuffre ta yi masa, ya sasanta da ita a wajen kotu a 2022 ba tare da amsa laifi ba. Abin lura kawai shi ne abin da ya ci gaba da ci wa mutane tuwo a ƙwarya shekara shida: yana zaune a katafaren gidan Royal Lodge, yana amsa sunan yarima. Sai a ƙarshen Oktoban 2025 wansa Sarki Charles ya tuɓe masa sunan, ya ce ya tashi daga gidan.

Wannan hali ba na kowace masarauta ba ne. A Holand murabus al'ada ce: Wilhelmina ta sauka a 1948, Juliana a 1980, Beatrix a 2013, kowacce ta miƙa wa na baya ana biki. Sarauniya Margrethe ta Denmark ta yi haka a Janairun 2024. A Birtaniya kuwa abin da ya faru a 1936 ya ɓata sunan murabus, Elizabeth ta Biyu kuma, wadda tana da shekara 10 aka yi shi, ta gina mulkinta a kan kishiyarsa. Ta yi alkawari a Cape Town a 1947 cewa duk rayuwarta ta hidima ce, ta kuma naɗa firaminista Liz Truss a Balmoral kwana biyu kafin rasuwarta a Satumban 2022. Mutanen da suka shekara 70 suna kallon wannan, da shi za su auna duk wanda ya ce ya gaji. A wajen ƙasar kuwa, inda ba wanda ya biya ko sisi, lissafin ba ya aiki. Da Harry ya zo Najeriya a watan Mayu na 2024 don harkar wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni, ya je Kaduna ya gana da Gwamna Uba Sani, ya duba sojoji a asibitin soja, an karɓe shi a matsayin ɗan sarki, ba wanda ya tambaye shi ko fada ce ta aiko shi.

A gida, gwamnati ta riga ta mayar da bambancin nan doka. Bisa tsohon tsari, Harry da Andrew suna cikin waɗanda za su iya riƙe wa sarki aiki idan ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo. A ƙarshen 2022 majalisa ta ƙara Gimbiya Anne da Yarima Edward, ƙannen Sarki Charles, a cikin jerin, aka kuma shaida wa majalisar cewa masu aikin fada kaɗai za a riƙa kira. Ba a cire sunan kowa ba. Harry na nan a matsayi na biyar a layin gado, domin fitar da mutum daga layin sai da dokar majalisa da amincewar sauran ƙasashen da Charles ke sarauta a kansu, irin su Kanada da Ostireliya da Jamaika.